Ɗakin Garwa a Dalwarra

Gidan Dalwarra fuska biyu gare shi. Ta gaba dutse ce. Kakan Athol Treloar ya sa aka sassaƙo duwatsun daga gefen rafi, aka yi wa ginin baranda mai faɗi da ƙofar katako mai nauyi. Nan ake saukar da baƙi, nan ake kwantar da gawa kafin a kai ta. Ban da wannan ba mai zama a ciki. Lokacin sanyi ɗakunan kamar cikin rijiya, lokacin zafi dutsen ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita.

Ta baya ita ce gida. Can madafa take, can ake cire takalmi, can aka haifi Athol a wani ɗaki da aka jingina da bangon dutsen. Bangon ɗakin garewanin kananzir ne da aka farke aka buga suka miƙe. Rufinsa kwano ne, kowane falle da inda aka ciro shi. Ƙusa kaɗan ce a jikinsa, yawanci waya ce aka ɗaure aka murɗe. Haka ake gini a gandayen shanu na yammacin Queensland: abin da ya gama aikinsa a wani wuri, a kwance shi a kai shi inda zai kama wani aikin. Ba wanda ke kiran wannan hikima. Gari ne da nisa, shi ke nan.

Athol ya haura tamanin. Gandun ya riga ya miƙa wa ɗansa Neville, amma ɗakin bai miƙa wa kowa ba. A ciki matarsa Dulcie ta cika, a ciki yake kwana, daga ciki kuma yake so a ɗauko shi. Duk shekara kafin damina yakan hau tsani ya duba rufin, ya cire fallen da ya ruɓe ya sa wani.

Matar Neville, Raelene, ita ta kawo zancen tarihi. Ta ga wasu gandaye suna buɗe tsofaffin gidajensu, mutanen birni su zo cikin manyan motoci, su sha shayi, su ɗauki hoto da karen gida, su koma su ce sun ga daji. Ta tuntuɓi hukumar da ke adana tsofaffin gine-gine, aka ce za a turo mai dubawa.

Neville ya sami uban a gindin famfon iska yana shafa wa ƙarfe mai.

"Baba, matar nan jibi za ta zo."

"Wace mata?"

"Ka sani mana. Ta tarihi."

"Tarihin ɓata ya yi, da za a zo nemansa nan?"

"Don Allah kar ka fara. Raelene na ganin za su ce a rushe ɗakinka. Wai yana ɓata bayan gidan."

Athol ya goge hannu a wando.

"Raelene na gani, ko Raelene na so?"

Neville ya juya ya kalli shanu can nesa, kamar su suka kira shi.

"Gaya wa matarka," Athol ya ce, "mai son taɓa ɗakin nan ya fara haƙa mini rami."

Ranar da aka ce, sai ga farar mota ta taso da ƙura tun daga ƙofar shinge. Dakta Imogen Farrell ce ta fito. Ba ta kai shekarun Neville ba. Malafarta sabuwa ce, takalminta ko ƙwarzane babu, tana korar ƙudaje da hannu biyu kamar za su ji kunya su tafi.

Raelene ta goge ɗakunan gaba har suna ƙyalli. Ta jera kofunan tangaran da ba wanda ya taɓa shan komai da su. Ta shiga gaba tana bayani, wannan madubin daga ina ya zo, wancan teburin wa ya ci abinci a kansa. Rabin abin da take faɗa ba haka aka yi ba. Athol na biye, hannu a aljihu, bai gyara mata ko ɗaya ba.

Baƙuwar ta dudduba, ta ƙwanƙwasa bango, ta ɗaga kai ta kalli silin.

"Gini ne mai kyau," ta ce. "Akwai irinsa da dama a wannan yanki. Mu ga baya."

"Ai baya ba komai," Raelene ta ce da sauri. "Tarkace ne, za mu share kafin a buɗe."

"Bari dai in leƙa."

Athol ya riga su zagayawa. Ya tsaya a bakin ɗakinsa, ya raba ƙafa, maganar da ya tanada tana kan harshensa.

Matar ta zagayo kusurwa ta tsaya cak. Ta cire malafa. Ta daɗe tana kallon ɗakin, har ƙudaje suka samu yadda suke so a fuskarta. Sannan ta matso ta ɗora tafin hannu a bangon, a hankali, kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

"Garewanin kananzir ne?"

"Ba zinariya ba ce dai."

"Wa ya yi wannan?"

"Uwata. Ita da uwar Clarrie, wani da muka yi kiwo tare. Su farke garwa, su shimfiɗa a kan kututture, su buga da bayan gatari."

"Har yanzu ana kwana a ciki?"

"Na yi miki kama da mai kwana a kan bishiya?"

Ta yi dariya. Ta ce ta zaga gandaye masu yawa, duk inda ta je irin wannan ɗakin ko an rushe shi ko gara ta cinye katakonsa ya zube. Ba ta taɓa ganin wanda ke tsaye ba, balle da mutum a ciki.

Nan tsohon ya yi kuskure. Da shirin faɗa ya fito, sai aka tare shi da yabo, shi kuwa bai saba da yabo ba, bai san ta inda ake kare shi ba. Ya kuma ga fuskar Raelene ta yi tsami, abin ya yi masa daɗi. Mutumin da yakan wuni bai furta abin da ya wuce gaisuwa ba, sai ga bakinsa ya buɗe.

"Wancan fallen na rumfar yanka ne, wadda iska ta kwashe shekarar da aka haifi Neville. Wannan daga tsohon tankin ruwa. Ƙofar nan marfin bayan motar ubana ne. Dubi dirkar can, ba ƙusa. Waya ce. Ki ninka biyu, ki zagaya, ki sa ƙarfe ki murɗa har ta yi kuka. In ta yi kuka ki tsaya, in kin ƙara ta tsinke."

Ya shigar da ita ciki, inda ko Raelene ba ta shiga sai an ce ta shigo. Ya nuna mata gadon ƙarfe, da keken ɗinkin Dulcie, da kabad ɗin da aka haɗa da akwatunan katakon da garewanin suka zo a ciki. Tana ɗaukar hoto yana ƙara mata. Ya gaya wa baƙuwa abubuwan da bai taɓa gaya wa ɗansa ba. Da ta tafi, ya zauna a bakin ƙofa ya sha baƙin shayinsa, yana ganin ya yi nasara.

Amsar hukuma ta zo wa Raelene lokacin da gajimare ya fara taruwa ta arewa da yamma yana watsewa. Athol ya lura fallen da ke saitin gadonsa ya huje, in ya kishingiɗa da rana yana ganin sama ta ciki. Ya jawo sabon kwano daga rumfar kaya, ya kafa tsani. Ya yi nisa da hawa sai ga Raelene tana sauri.

"Baba, sauko. Me za ka yi?"

"Rawa. Me kika gani?"

"Ba a taɓawa. An sa gidan a rajista, ɗakin nan ne ma kan gaba. Ko ƙusa ba za a buga ba sai da izini."

"Izinin wa?"

"Na hukuma. Za su turo gwani ya duba, ya nemo tsohon kwano irin na wurin."

"Yaushe?"

"Bayan damina. In hanya ta buɗe."

Athol ya kalli hujin, ya kalli gajimaren, ya kalle ta.

"Wato ruwa ya gama zuba a kaina, sannan gwani ya zo ya toshe da ruɓaɓɓen kwano."

"Ai ba a nan za ka kwana ba."

Sai a lokacin Neville ya fito daga bayan tanki, inda ya laɓe yana jiran matarsa ta gama faɗin mai wuyar. Ya yi bayani yana kallon ƙasa. An gyara wa Baba ɗaki a sabon gidan da su Neville suke zaune, da na'urar sanyaya ɗaki, da banɗaki a ciki. Ɗakin garwa kuwa za a bar shi yadda yake, gado a shimfiɗe, keken ɗinki a wurinsa, tsohon takalmi a bakin ƙofa, don baƙi su ga yadda aka rayu.

"Yadda aka rayu," Athol ya ce. "Na mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Baba, daraja aka ba ɗakin. Ba kai ka ce kar a rushe ba? Ga shi, ba mai rushewa har abada."

"Ka taɓa ganin sirdin da aka rataye don daraja? Kafin shekara fatar ta bushe ta tsage."

"Wannan daban ne."

"Kai ma daban ne. Ban san inda na samo ka ba."

Ya sauko daga tsanin, ba don sun fi shi gaskiya ba, don gwiwarsa ta fara rawa kuma ba ya son su gani. Sabon gidan kuwa ko leƙawa bai yi ba. Ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, hujin na nan a samansa.

Kafin hanya ta rufe, Raelene ta gayyato wata ƙungiyar masu son tarihi daga gari, a yi gwaji. Suka zo cike da mota, kowa da gorar ruwa a rataye kamar za a keta hamada, alhali tafiyar daga mota zuwa baranda ce. An kafa allo a gaban ɗakin garwa. An ɗaura jar igiya a bakin ƙofa.

Athol ya dawo daga duba kwamin ruwan shanu, ya tsallake igiyar, ya zauna a gadonsa yana cire takalmi. Da ya ɗaga kai sai ga kawuna a ƙofa.

"Ashe har da mutum suka sa," wata mata ta ce wa mijinta. "Dubi hannunsa."

"Sannu, tsoho," mijin ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. "Kullum kake wannan aikin, ko sai ranar baƙi?"

"Wane aiki?"

"Zaman nan."

Athol ya dube shi, takalmi a hannu.

"Kai kana da gida?"

"Ina da shi mana."

"Ana leƙa ka kana cire wando?"

Suka kwashe da dariya. Suka ce tsohon ya iya wasan. Wani ya roƙe shi ya sake sa takalmin ya cire, wai hoton bai fito ba. Wata ta miƙo hannu ta saman igiya ta juya keken Dulcie, ta ce irin na kakarta ne sak. Keken ya ɗan yi kuka ya tsaya. Tun da Dulcie ta rasu ba wanda ya juya shi sai Athol, shi ma sai ranar da yake sa masa mai.

Athol ya sunkuya. Ya mayar da takalmin, ya tsallake igiyar, suka dare masa. Mai hoton ya ce yawwa, yanzu ya fito.

Ya tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa zuwa rijiyar tsakiya, inda aka ware maruƙan da aka yaye. Clarrie na can zaune a kan shinge. Shi ma tsoho ne, baƙar fata, danginsa na wannan ƙasa tun kafin a kawo saniya ta farko. Tare suka koyi hawan doki, tare suka kora shanu a shekarun fari. Yanzu yana zaune da iyalinsa a tsallaken rafi, yakan zo ya ga garke ya zagi yadda Neville ke kiwo.

"Ga abin kallo nan," Clarrie ya ce. "Na ji an ɗaura maka jar igiya. A wuya ko a ƙafa?"

"Rufe mini baki, tsohon banza."

"Barka da zuwa. Mu an daɗe ana ɗaukarmu hoto. Kar ka yi murmushi, sun fi son mai ɗaure fuska. Kai ma ai ba sai an koya maka ba."

"An kafa allo."

"Na gani. Sunan uwarka na kai da manyan baƙaƙe. Tawa kuwa ta zama 'da masu taimaka mata'. Ita ta riƙe gatarin. Taka tana tsaye a inuwa tana cewa a buga nan."

"Na gaya wa matar tarihin."

"Me ka ce?"

"Na ce uwar Clarrie."

"To. Uwar Clarrie. Ka ma san sunanta kuwa?"

"Maudie."

"Ashe dai."

Athol ya juya ya dubi garken. Maruƙan sun cunkushe a siririyar inuwar tanki, waɗanda ba su samu wuri ba suna tsaye a rana suna haki. Bishiyar da ke ba su inuwa ta bushe a farin da ya wuce.

"Ɗanka ya ce zai yi musu rumfa," Clarrie ya ce. "Yana jiran kwano daga gari."

"Kwano daga gari."

"Haka ya ce. Tun bara."

Athol ya daɗe yana kallon maruƙan.

"Jibi za su tafi kasuwar shanu, shi da matarsa. Sai sun yi sayayyar damina za su dawo."

"To?"

"Filayarka ta yankan waya na nan?"

Clarrie ya juyo ya dube shi sosai.

"Ɗakin Dulcie fa."

"Dulcie ba ta ciki. Kekenta ma 'yan birni ke juyawa."

"Za su ce ka haukace."

"Za ka zo, ko in nemi namiji?"

"Ka dafa nama. Ba na aiki a biya ni da shayi kamar uwata."

Ƙurar motar Neville na kwantawa suka fara. Gado suka fara fitarwa, da keke, da kabad. Sannan rufi. Abin da aka ɗaure da waya kwance shi ba wuya, dalilin da ya sa aka ɗaure shi da waya ke nan tun farko. Athol na sama yana yankewa, Clarrie na ƙasa yana karɓa, kowa na cewa ɗayan ne ya tsufa. In gwiwa ta yi rawa su zauna, su ci naman gishiri da burodi, su tashi. Wasu fallayen sun ruɓe, ana taɓawa su marmashe. Athol ya wurga su kan tarin ƙarafa bai sake kallonsu ba, tarihin da aka ce ba shi da na biyu.

Da suka zo bango, a bayan kowace garwa akwai sawun gatari, a jere, ba wanda ya hau kan wani. Clarrie ya shafa ɗaya da babban yatsa, ya ajiye ta gefe, ya ce wannan tasa ce. Athol bai tambaye shi dalili ba.

Suka ciro dirka ta ƙarshe. Sai ga bangon dutse tsirara, fari fat inda rana ba ta taɓa gani ba, da ɗan filin daɓe mai kusurwa huɗu. Athol ya yi mamakin ƙanƙantarsa. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ɗansa, a nan ya riƙe hannun matarsa har ya yi sanyi, duk a wurin da bai fi shimfiɗar saniya biyu ba. Ya tsaya daidai inda kan gadon yake, rana na dukansa a ƙeya. Kaji sun riga sun shigo suna tono.

"Mu tafi," ya ce. "Rana na yi."

Allon da jar igiyar suka bar su a inda suke.

A rijiyar tsakiya suka haƙa ramuka, suka kafa dirkokin, suka ɗora kwanukan, tsoho da sabo a haɗe, har da fallen da aka hana shi ɗorawa. Aikin ya ci musu sauran kwanakin. Doguwar rumfa ta fito, ba kyau amma ba ta girgiza. A ƙarshenta, ta wajen shinge, Athol ya zagaye ɗan wuri da garewanin, iya gado da keke da kujera, ya rataya ƙofar. Ba su gama murɗa wayar ƙarshe ba maruƙa suka fara shigowa, suna shinshina dirkoki, suna kwantawa.

Da hantsi Neville da matarsa suka dawo. Gida suka fara zuwa, don haka da motar ta iso rijiya sun riga sun ga abin da za su gani. Raelene ce ta fara fitowa. Tsofaffin biyu na zaune a inuwa, gwangwanin shayi na kan wuta.

"Me ka yi, Baba? Me ka yi?"

"Rumfa."

"Ka san abin da ka rusa? Babu irinsa a duk yankin nan. Dakta Farrell da bakinta ta faɗa."

"Ban rusa ba. Ga shi nan duka, ban da wanda ya ruɓe."

"Za su cire mu daga rajista. Me zan nuna wa mutane yanzu? Fili?"

"Akwai igiya. Akwai allo. Su karanta."

Ta fashe da kuka, na haushi. Ta ce shanu kaɗai ba sa riƙe gandu yanzu, fari na bin fari, ita kaɗai ce a gidan nan ke neman hanyar da jikokinsa za su gaji wurin, shi kuwa kansa kawai ya sani. Gaskiya ta faɗa, Athol kuma ya san gaskiya ce. Wannan bai sa ya ga ya yi laifi ba. Ta koma mota ta buga ƙofa.

Neville ya tsaya, hannu a ƙugu.

"A ɗakin nan aka haife ni, Baba."

"A ciki aka haife ka. Ba ka taɓa hawa ka duba rufinsa ba."

"Za su iya cin mu tara."

"Su zo. Ba wuyar samu gare ni ba."

"Yanzu nan za ka riƙa kwana? Da shanu?"

"Ba sa ɗaukar hoto."

Clarrie ya tsiyaya shayi, ya hura.

Neville ya so ya riƙe fushinsa, amma a cikin shanu ya tashi, idonsa ya riga ya tafi kan rumfar. Ya zagaya. Ya kama dirka ya jijjiga, ba ta motsa ba. Ya kalli maruƙan, duk sun kwanta suna tuƙa, ba mai haki. Ya ɗaga kai ya duba inda rana za ta bi.

"Gefen yamma a buɗe yake," ya ce. "In rana ta karkata za ta shigo musu."

"Kwano ya ƙare."

"Sai na sake shiga gari."

Clarrie ya ƙware da shayi, ya yi tari.

"Akwai a barandar gaba," Athol ya ce. "Masu kauri ne. Ba abin da suke yi."

Neville ya juya ya kalli wajen gida, inda rufin barandar ke walƙiya can nesa. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ya kamata. Sannan ya kalli motar da matarsa ke ciki.

"Kar ka soma, Baba."

"Ban ce yau ba," Athol ya ce, ya miƙa wa Clarrie kofinsa ya ƙara masa.